Ƙafa na gudu, zumunci na zaune

Duk wanda ya saba fitowa bayan sallar asuba a Gusau ya san su: dattawan da suka ajiye aiki, da takalmin kambas, suna sassarfa a bakin titi kafin masu Keke Napep su cika gari. Galibinsu likita ne ya koro su waje, saboda hawan jini ko ciwon suga. Wannan kam sai yabo. Mutum ya haura sittin yana zagaya unguwa ba haki, ai ya fi mu da muke wuni a bencin mai shayi.

Akwai ɗaya daga cikinsu da na sani, mutumin wani ƙauye a ƙasar Tsafe, wanda ranar haihuwarsa ta zagayo kwanan baya. Dattijon Bahaushe ba ruwansa da yanka kek, wannan na yaran Facebook ne. Amma tsohon ma'aikacin gwamnati ba ya mance wannan rana, domin ita ce a fayil ɗinsa, da ita aka lissafa aka ce ya cika shekara 60, ya tattara ya koma gida. Ya yi gudunsa, ya dawo ya haɗa shayi, ya ajiye waya a kan tabarma. Saƙo ɗaya ne ya shigo, na banki, irin wanda na'ura ke aika wa kowa. Ƙannensa na nan da rai. Wasu daga 'ya'yansu ma a nan Jami'ar Tarayya ta Gusau suke karatu, amma rabon da wani ya durƙusa ya ce "Baffa, ina kwana" an yi shekaru.

Mafarin abin gonar gado ce. Wata fadama ce aka yi ta ja a kanta har gaban alƙali, aka raba, kowa ya kama nasa, gaisuwa ta ɗauke tun daga ranar.

Yanzu kuma an samu mafaka. Tambayi kowane ɓangare, amsa ɗaya ce: "Ka san halin da hanya take ciki." Na sani. Hanyar Gusau zuwa Tsafe har Funtuwa ta ci mutane, ta Bunguɗu zuwa Talatar Mafara ma haka, kuma ba zan ce wa kowa ya kai kansa hannun 'yan bindiga don ya gaida yayansa ba. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara aka rufe kasuwannin mako, uzurin na gaske ne, har uwa ba ta jin muryar ɗanta. To, sabis ya dawo tuntuni. Kuma mutanen nan da ke tsoron hanya, ranar da aka ce Baffa ya rasu, mota za su cika su biyo wannan hanyar, su zauna zaman makoki, kafin sadakar bakwai wani ya fara tambayar inda takardun gida suke. Gabar ta girmi matsalar tsaro, ta dai samu abin fakewa ne.

Shi ma dattijon ban wanke shi ba. Da na taɓa masa zancen, cewa ya yi: "Ni ne babba. Su ya kamata su zo." A al'ada haka ne, ƙarami ke zuwa gaida babba. Sai dai malamanmu kullum suna tuna mana cewa addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma wanda ya fara sallama shi ne mafifici, ba a ce sai ƙarami ba. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Ga mutum Allah ya bar masa ƙafafu masu lafiya, kullum yana auna nisan da suka ci, amma ba su taɓa kai shi tashar mota ba.

Gudu yana rage nauyin zuciya, ban musa ba. Fauja Singh, dattijon Indiya da ya zauna a Ingila, ya rungumi gudu ne bayan rasuwar matarsa da ɗansa, ya shiga gasar dogon zango ta Landan a 2000 yana da shekara 89, ya rasu a Yulin 2025 bayan mota ta buge shi a ƙauyensu na Punjab. Shi waɗanda yake kewa suna kabari, ba yadda zai yi ya dawo da su. Namu kuwa lambobinsu na cikin wayarsa.

Waɗanda na fi ganin laifinsu su ne samarin nan 'yan jami'a. Lokacin da aka je gaban alƙali wasunsu ko yaye su ba a yi ba, amma sun gaji gabar kamar da su aka yi. Kuɗin Keke Napep ne tsakaninsu da gidan baffansu, ba daji, ba shingen kowa. Fadamar kuwa da aka ɓata a kanta, damina ta sha wucewa ba wanda ya sa mata fartanya, don ba mai iya shiga wannan dajin yanzu.