Kafin A Ture Tsohon Masallacin Gari

Maganar wannan mako a kan masallatan ƙasa ne na garuruwanmu, daga Taloka zuwa Goronyo, Wurno da Rabah, waɗanda ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Kowa ya san yadda abin ke faruwa. Wani bawan Allah ya samu buɗi, ya ce zai gina wa garinsu masallaci, Allah ya saka masa da alheri. Sai dai aikin farko da ɗan kwangila ke yi shi ne ya sa a ture tsohon, azara ta zama itacen girki, a kafa bulo da kwano a wurin. Ranar buɗewa a yi kabbara. Da bazara ta kama, kwano ya ɗau zafi, sai a koma sallar azahar a inuwar dogon yaro.

Mu ba mu da ja da gina sabo. Rushe tsohon ne muke ganin asara.

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin irin wannan masallaci ya san ba tarin laka ba ne kawai. Da tubali ake tayar da bango, mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika cinta ba, ita ake jerawa guntu kan guntu har ta tanƙwaro ta zama baka, bakuna su haɗu a tsakiya su ɗauki rufi ba tare da ƙarfe ko ɗaya ba. A waje a shafe da makuba, a kafa indararo don ruwan sama. Wannan lissafi ne, ko da magininsa bai taɓa riƙe biro ba. Haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, har yau masu nazarin gine-gine suna zuwa kallon bakunansa.

Kada a ce ai wannan na birnin sarki ne. Yama ƙauye ne a jihar Tawa ta Nijar, nan arewa da mu. A 1962 wani manomi kuma magini, Falke Barmu, ya fara gina musu masallacin Juma'a da ƙasa, mutanen gari na kawo ruwa da itace. Daga baya ya ƙara tulluwa da hasumiya huɗu, kowace da siffarta. A 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan. A Dandaji kuwa, can Nijar ɗin, da jama'a suka yi wa tsohon masallaci yawa, sai aka gina sabo kusa da shi, tsohon aka gyara shi ya zama ɗakin karatu.

To mu fa? Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, nan ya rasu a 1837, nan kabarinsa yake. Ƙasa mai irin wannan tarihi bai kamata ta wayi gari babu bakan azara ko ɗaya da za ta nuna wa jikokinta ba.

Gaskiya ne ginin ƙasa na da wahala. Yana son yaɓe kafin kowace damina, giginya ta yi ƙaranci, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2010 a bakin gulbin Rima ba su manta yadda bango ke narkewa ba. Amma kuɗin yaɓen shekara bai kai na tayil ɗin da ake shimfiɗa wa sabon ba, kuma a da gayya ke yin sa.

Roƙonmu ga limamai da hakimai shi ne su nemi wani fili ga duk mai son gina sabo. Mu kuma 'yan zaure, kowa na da waya a hannu. Wanda garinsu ke da tsohon masallaci ya ɗauko hoton ciki da waje, ya tambayi dattawa sunan magininsa, ya ajiye mana a ƙarƙashin wannan rubutu kafin ruwa ya sauka.