Uwar Faifai a Hannun Wa?

A watan Yuni na 2025 ƙungiyar Turnstile ta birnin Baltimo a Amurka ta fitar da faifanta mai suna Never Enough, jaridun kiɗa na Turai da Amurka kuma suka ɗauki guɗa, wai kiɗan hadkor ya baro ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ya hau dandalin manya. Shekara guda kafin nan, ƙungiyar Knocked Loose ta jihar Kentaki ta fitar da nata faifan a ƙaramin kamfanin Pure Noise, har aka gayyace ta shirin talabijin na dare na Jimmy Kimmel. A wannan shekarar ta 2024 ne kuma samarin Speed na birnin Sidni a Ostareliya suka fito da Only One Mode a kamfanin Flatspot. Masu sharhi suka zuba su duka a kwando ɗaya, suka liƙa masa suna: nasarar makaɗa masu cin gashin kansu. Wannan magana rabin gaskiya ce, kuma ta ɓoye abin da ya kamata malami ko shugaban ƙungiyar raya al'adu ya fara tambaya game da kowane faifai: wa ya mallake shi?

Wanda bai taɓa jin wannan kiɗa ba sai ya kwatanta jita biyu ko uku masu aiki da lantarki, da mai ganga da ke gudu kamar an biyo shi, da mawaƙi mai ihu har jijiyar wuyansa ta fito, waƙar kuma sau da yawa ba ta kai minti biyu ba. Pank ne uban, ya bayyana a Niyok da Landan wajen 1976. Hadkor ɗansa ne, ya fi shi sauri da zafi, ya tashi a Kaliforniya da Washinton wajen 1980. Malamin lakwal da ya saurara ya ce hayaniya ce kawai, ba za a yi jayayya da kunnensa ba. Sai dai abin da ya sa wannan kiɗa ya cancanci shafi a mujallar al'adu ba ya cikin ƙarar. Yana cikin yadda samarin da ba su da kowa suka koyi buga faifai, da sa masa farashi, da kai shi hannun mai saye ba tare da sun durƙusa wa wani attajiri ba.

A Janairun 1977 ƙungiyar Buzzcocks ta Mancesta ta ranci kimanin fam 500 daga dangi da abokai, ta buga kwafi 1,000 na wani ƙaramin faifai mai waƙa huɗu, Spiral Scratch, da sunan kamfaninta na kanta. Kafin a daina buga shi an sayar da kusan 16,000. A shekarar kuma Desperate Bicycles suka rubuta a bayan bangon faifansu na biyu cewa na farkon fam 153 ya ci, domin duk yaron da ya karanta ya gane shi ma yana iyawa. Ƙungiyar Crass ta ƙara gaba: ta riƙa buga iyakar farashi a kan bangon, don kada mai kanti ya tsauwala. Wannan shi ne darasin, kuma darasi ne na lissafi kafin ya zama na kiɗa.

Babu inda aka riƙe shi da gaske kamar Washinton. A 1980 Ian MacKaye da Jeff Nelson, samari ne da ba su daɗe da barin makarantar sakandare ba, suka ɗauki dalar Amurka 600 da ƙungiyarsu Teen Idles ta tara, suka kafa kamfanin Dischord. Kwafi 1,000 na farko da hannu suka yanka bangonsu, suka naɗe, suka liƙe da gam, ɗaya bayan ɗaya. Ka'idarsu ba ta da wuyar faɗi: ba a rubuta kwangila, ana raba riba biyu tsakanin kamfani da makaɗa, kuma makaɗan yankin Washinton ake bugawa. Daga baya MacKaye ya kafa Fugazi, wadda ta yi wasa fiye da sau 1,000 tsakanin 1987 da dakatawarta a 2003, kuɗin shiga galibi dalar Amurka 5, ƙofa a buɗe ga yaro da babba, ba riga ko hula ta sayarwa. Mutane da yawa sun ɗauka wannan taurin kai ne na ƙuruciya wanda zai wuce. Ga shi a 2023, bayan shekara 43, Dischord ta fitar da DC Special na tsohuwar ƙungiyar Scream, faifan da aka ɗauka a ɗakin Inner Ear na Don Zientara gab da rufe wurin a 2021. Jaridun da suka yi wa Turnstile guɗa, kaɗan ne cikinsu suka ba shi fiye da ƴan layuka.

To, Turnstile fa? Makaɗa ne na gaske, kuma ba wanda zai ce sun manta gida: a watan Mayu na 2025 sun yi wasa kyauta a wani filin shaƙatawa na Baltimo don tara wa marasa matsuguni kuɗin magani. Amma tun 2016 suna ƙarƙashin Roadrunner, Roadrunner kuwa mallakar Warner ce. Warner da Universal da Sony su uku ke riƙe da kimanin kashi biyu bisa uku na cinikin faifai a duniya. Faifan Glow On na 2021, wanda ya kai su ga takarar kyautar Grammy a rukuni uku, da kuɗin Warner aka tallata shi. Babu laifi mutum ya sayar da gonarsa in ya ga dama. Laifin yana ga mai sharhin da ya nuna wa jama'a gonar yana cewa ga amfanin noman kai.

Yaudarar ma ta fi haka zurfi. Kamfanoni da yawa da ke kiran kansu masu zaman kansu, manyan ne ke rarraba musu kaya: The Orchard ta Sony ce, ADA ta Warner ce. Sub Pop ta Siyatal, wadda ta fara buga Nirvana, ta sayar wa Warner kashi 49 cikin 100 na hannun jarinta tun tsakiyar shekarun 1990. Kalmar ƴanci ta zama tambarin da ake mannawa a kan kaya don su yi farin jini wajen matasa, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta "na gida" a kan man da ya sauko daga jirgin ruwa.

Masu kare wannan hali suna da hujja ɗaya mai nauyi, kuma bai kamata a yi kamar ba a ji ta ba. Suna cewa makaɗi ma yana da ciki, yana da haya, yana da ƴaƴa. Ƙananan kamfanoni kuma ba waliyyai ba ne. Gaskiya ne. A 1993 da Green Day ta bar ƙaramin kamfanin Lookout ta koma Reprise ta Warner, zauren 924 Gilman na Bakli, inda ta girma, ya rufe mata ƙofa, aka yi ta kiranta maci amana. Shekara 12 bayan haka, a 2005, Green Day ta janye tsofaffin faifanta daga Lookout saboda ba a biya ta haƙƙinta ba. A 2000 kuma wata kotu a San Faransisko ta ba tsofaffin ƴan ƙungiyar Dead Kennedys gaskiya a ƙarar da suka kai mawaƙinsu Jello Biafra da kamfaninsa Alternative Tentacles kan kuɗin faifai. Wato ana iya cin amanar makaɗi a ofishi mai hawa talatin, ana kuma iya cin ta a ɗakin aboki.

Sai dai wannan hujja, in an bi ta har ƙarshe, masu ita take kayarwa. Me ya ba Green Day ikon janye faifanta daga Lookout? Haƙƙin mallakar yana hannunta. A irin kwangilar da manyan kamfanoni suka saba bayarwa, uwar faifai, wato asalin ɗaukar da ake kwafar sauran daga gare ta, ta kamfani ce, kuɗin da aka ba makaɗi a farko kuma bashi ne da ake cirewa daga ɗan kason da ya rage masa. Marigayi Steve Albini, injiniyan ɗaukar sauti na Shikago wanda ya rasu a 2024, ya baje wannan lissafi dalla-dalla a wata maƙala ta 1993, ya nuna yadda faifai zai sayu da yawa, kamfani ya kwashi riba, makaɗan kuma su tashi da abin da bai kai albashin ɗan aikin kanti ba. Bad Brains, baƙaƙen fatar Washinton da yawancin masana ke sa su cikin waɗanda suka haifi hadkor, sun fitar da kundinsu na farko a 1982 a kan kaset kaɗai. Sai a 2021, bayan kusan shekara 40, suka fara sake buga tsofaffin ayyukansu da sunan kamfaninsu na kansu. Girman kamfani ko ƙanƙantarsa ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne takardar da ta faɗi wanda zai iya ɗauke uwar faifai ya tafi da ita.

Hanyar ma ta ƙara ƙunci ga ƙanana. Faifan garmaho, wanda makaɗan pank suka riƙe lokacin da kowa ya yar da shi, ya dawo kasuwa, manyan kamfanoni suka cika masana'antun da oda. A Fabrairun 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters a Kaliforniya, ɗaya daga cikin biyu kacal a duniya masu yin farantin da ake yanka sauti a kai. A 2021, lokacin da aka buga wa mawaƙiya Adele kwafi kusan 500,000, ƙungiyar da ke son 500 sai ta jira wata da watanni. A intanet kuma Spotify, wadda abin da take biya a kan sauraro ɗaya bai kai santi guda na dalar Amurka ba, ta kafa doka daga 2024 cewa waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, ba ta da ko sisi. Bandcamp, kasuwar da ƙananan ƙungiyoyi suka fi dogara da ita domin kashi 10 zuwa 15 kawai take cira, an sayar da ita ga Epic Games a 2022, aka sake sayar da ita ga Songtradr a 2023, aka sallami kusan rabin ma'aikatanta. Mujallar Maximumrocknroll, wadda tun 1982 take duba faifan da ba wanda ya san da su, ta daina fitowa a takarda a 2019. Duk wannan ya faru a shekarun da ake shelar nasara.

Amma faifan ba su daina fitowa ba. Soul Glo ta Filadelfiya ta fitar da Diaspora Problems a 2022 a kamfanin Epitaph, kundi mai zafi kan talauci da wariyar launi, wanda mawaƙinsa Pierce Jordan ke cusa kalmomi a cikinsa kamar mai tsoron lokaci zai ƙare masa. Flatspot, kamfanin da ya buga Speed, shi ya buga Scowl ta Kaliforniya a 2023. A Landan kamfanin La Vida Es Un Mus yana buga ƙungiyoyi daga Sifen da Latin Amurka da Asiya, da harsunansu. A ƙarƙashin waɗannan kuma akwai ɗaruruwan kaset da ake bugawa 100 ko 200, ana sayarwa a kan tebur a bakin ƙofar zauren wasa, mai gangar da ya gama zufa shi ke ba da canji.

Wannan labari bai yi nisa da Nijar ba kamar yadda ake zato. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008. Waƙoƙin suka bi katin salula da bulutut suka ratsa Sahara, kowa na ji, ba wanda ke biya. Sai da ƙaramin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sa ɗaya daga cikinsu a wani kundi a 2011, ya kuma nemo mai ita, sannan ƙofa ta buɗe. Mai kaɗa masa jitar bas kuma mai haɗa masa sauti, Mikey Coltun, a cikin zaurukan pank na Washinton ya tashi, garin Dischord da Bad Brains. Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 sun fito ne a Matador, kamfanin da ba ya cikin manyan ukun nan.

Ƙungiyoyin raya al'adu da ke tara yara a gidajen matasa na Maraɗi da Damagaram da Yamai suna koya musu kiɗa da wasan kwaikwayo da hawa dandali. Da wuya a samu wadda ta zaunar da su ta karanta musu kwangila layi-layi, ko ta nuna musu hanyar ofishin kare haƙƙin mawallafa, ko ta bayyana musu bambancin sayar da kwafi da sayar da uwa. Yaron da ya ɗauki waƙarsa a ɗakin wani, ya tafi da kwafi a salula ya bar asalin a kwamfutar mai ɗakin, ya riga ya yi cinikin da Bad Brains suka shafe kusan shekara 40 suna warwarewa, alhali ko takarda bai sa wa hannu ba.