Abin da Ƙwayar CHO Ke Buƙata Daga Masu Omiks

Maganin trastuzumab, da ake ba masu wani nau'in ciwon daji na nono, ba a haɗa shi da sinadarai kamar farasitamol. Ƙwayoyin halitta masu rai ne ke ƙera shi a cikin manyan tankuna, kuma asalinsu gidan ƙwan wata dabba ce mai kama da ɓera, hamsta ta ƙasar Sin. Theodore Puck ne ya fara rainon su a Amurka a 1957, ana kiran su CHO. A 1987 aka amince da magani na farko da suka samar, mai narkar da gudan jini.

A tsakiyar shekarun 1980 lita guda kan ba da kusan miligiram 50 na furotin. Yau giram 5 ba abin mamaki ba ne. Sai dai akasarin wannan ci gaba ya samu ne ta gwaji da lalube: a canja abincin ƙwayoyin, a zaɓi wadda ta fi haihuwa, a sake gwadawa. An iya kiwon saniyar, ba a san cikinta ba.

Nan ne omiks ya shigo, wato auna dukkan ƙwayoyin gado, ko furotin, ko sinadaran da ke cikin ƙwaya a lokaci guda. An wallafa jerin gadon CHO a 2011. Amma jadawali mai suna dubu goma bai gaya wa injiniya abin da zai taɓa ba, kuma rahoton da ya tsaya a jadawalin bai gama aikinsa ba. Ƙwayoyin har yanzu suna cinye sukari su zubar da laktet da amoniya, dattin da ke rage musu ƙarfi.

Abin da ya cancanci kuɗin bincike shi ne lissafin da ke hasashe. Taswirar kwamfuta ta 2016, mai ƙwayoyin gado 1,766, ta nuna cewa gyara hanyar da ƙwaya ke fitar da furotin ya fi rage zafin tanki amfani wajen karkata ƙarfinta ga magani. Irin wannan zance ana iya gwada shi, ana kuma iya ƙaryata shi.

Masu bincike a Japan ma da tambaya ɗaya suka fara: wane sukari ne a jikin maganin ke rage masa kaifi? Suka kashe ƙwayar gado guda, FUT8, maganin ya ƙara ƙarfin jawo garkuwar jiki kan ciwon. A 2012 Japan ta amince da mogamulizumab, wanda aka samar ta wannan hanya.