Kalma da Tushenta: Sunan da ke bisa ledar tamowa

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar gidan likita na Sae Sabuwa ranar awon yara ya san 'yar ledar nan mai ja da fari da ake ba uwayen da tamowa ta kama 'ya'yansu. Sunanta Plumpy'Nut. Ko da yake a Faransa aka ƙago ta, sunan na Ingilishi ne, kalmomi biyu aka gama: nut, daga sunan gujiya, da kuma plump.

Plump ba ƙibar mai taiba take nufi ba. Ana faɗinta ga jikin da ya cika ya murje, irin kumatun jinjirin da ke samun nono. Bahaushe sai ya ce ya yi ɓul-ɓul. Ingilishi ya aro ta wajen ƙarni na 15 daga mutanen Holan da na arewacin Jamus, inda take nufin abu mai kauri, dakusasshe, maras tsini. Da farko ma ba'a ce, ana jifar dolo da ita. Sannu a hankali ta koma yabo.

Waɗansu 'yan'uwanta akasin wannan tafiya suka yi. Stout dā jarumi take nufi, portly kuwa mai tafiyar ƙasaita, amma yau duka biyun hanya ce ta ce ma mutum ƙato cikin ladabi. Chubby daga sunan wani kifi mai kauri na kogunan Turai ta fito. Ita kuwa obese, wadda ma'aikata suka sani a takardar likita da sigarta ta Faransanci, asalinta Latin ne: wanda ya ci har ya yi ƙiba. Round ta Ingilishi da rond ta Faransanci uwarsu ɗaya, rota, wato ƙafar keken doki. Ashe ɗan kasuwar da ya kewaya rond-point a Maraɗi da safe, ya kewaya randabawul a Katsina da azahar, kalma guda ya kewaya sau biyu bai sani ba.

To, ledar fa? Likita André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka haɗa ta a 1996, da tunkuzar gujiya mai laushi, madarar gari, sukari, mai da sinadaran gina jiki. Hikimarta ita ce ba a dama ta da ruwa, ba a ɗora ta bisa wuta, saboda haka uwa na iya jinyar ɗanta a gida ba sai an kwantar da su ba. Jihar Maraɗi ce ta fito da sunanta a duniya. Lokacin yunwar 2005, ƙungiyar Médecins Sans Frontières ta yi ma yara sama da 60.000 magani a Nijar, galibinsu a wannan jiha. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya ta jinya a gida.

Abin takaici, ledar takan ɓulla bisa teburin 'yan tireda da faifan 'yan talla. Manya na shafa ta a burodi, wasu mata na saye don neman ƙiba, kamar yadda ake neman ƙwayoyin sha-ka-fashe. Wani lokaci uwa ce ke sayarwa don ta samu tiyar hatsi ta ciyar da sauran gidan, kuma mai hankali ba ya saurin zarginta. Amma kwali cikakke ba daga hannun uwa yake fitowa ba. Wanda ke riƙe da makullin sito da wanda ya saya kan sari, kowa ya san abin da ya yi.

Leda guda giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500, kuma bisa nauyin yaro ake ƙidaya masa rabonsa na mako. In aka rage, ranar awo ta gaba ma'aunin damtse zai sāke nuna ja, ƙasa da milimita 115.