Haƙurin Wa Ake Nema?

Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, manyan ƙasa kan jeru a Abuja su ajiye furanni, a busa bigila, a saki fararen tantabaru, ana tunawa da 'yan mazan jiya. Ba mu da ja game da wannan rana. A cikinta ne yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma duk wanda ya bar iyalinsa ya je ya tari harsashi ya cancanci abin da ya fi busar bigila. Abin da ya ishe mu shi ne wa'azin haƙuri da ake yi wa sojan da iyalinsa, kamar su ne suka gaza.

Sojan ƙasar nan ba sai an koya masa haƙuri ba. Kakanninmu da Turawa suka kwasa zuwa Burma lokacin Yaƙin Hitila, cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da kaya a ka suka ratsa dazuzzukan Kaladan da Arakan, ga ruwa, ga zazzaɓi, ga Japanawa, daga 1944 zuwa 1945. Sunayen Dodan da Myohaung da Arakan da aka sa wa barikoki a Ikko, da Chindit a Zariya, duk daga can aka samo su. Ɗalibai nawa ne cikinmu suka san haka? Da suka dawo, hakkinsu aka riƙe, aka ce su yi haƙuri. Ran 28 ga Fabrairu 1948, takwarorinsu na Gana suka nufi fadar Gwamna a Ankara da takardar koke, 'yan sanda suka harbe uku daga cikinsu.

To, an ce mulkin mallaka ne. Bayan 'yanci fa? A Disamba 2014 kotun soja ta yanke wa kurata 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙi da Boko Haram, alhali kukansu rashin makamai ne. Shekara na zagayowa sai ga zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makaman. An sassauta hukuncin ya koma ɗaurin shekara 10, amma wa ya nemi gafararsu?

Mun yarda haƙuri halin girma ne. Da shi Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ya daure a fagen fama har aka kashe shi a Malam Fatori a 2016. Irin wannan haƙuri mutum ne ke ɗora wa kansa don amfanin jama'a. Wanda mai kujera ke ɗora wa matar mamaci don ta daina zuwa ofis neman garatutin mijinta kuwa, sunansa zalunci.

'Yan'uwa ɗalibai, da ku matasan ma'aikata, gobe fayil ɗin wannan mata a kan teburinku zai sauka. Muna neman a riƙa buga sunan kowane soja da ya faɗi, kurtu ko hafsa, a kuma biya magadansa kafin a ce su tashi daga ɗakin bariki.