Talakan ƙaramin gari ɗan haya ne, a nan ya kamata gwamnati ta same shi

Duk lokacin da gwamnati ta tashi maganar gidaje a Najeriya, ginin sayarwa take nufi. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da ginin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja, sannan Ma'aikatar Gidaje ta Tarayya ta aza harsashin rukunin gidaje 250 a kowace ɗaya daga cikin jihohi 12, ciki har da Katsina da Sakkwato da Yobe da Gombe da Nasarawa. Ba mu raina wannan ƙoƙari ba. Amma wannan jarida tana ganin cewa magidancin da ke zaune a Damaturu ko Dutse ko Gusau, abin da ke hana shi barci shi ne yadda zai haɗa kuɗin hayar shekara guda a dunƙule kafin wa'adin mai gida ya cika. Matuƙar ba a samar da tsarin tallafin haya da talaka zai iya nema cikin sauƙi ba, manufar gidaje za ta ci gaba da wucewa ta kansa.

Lissafi kaɗai ya isa hujja. Dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ta tanadi a riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, domin ya samu damar karɓar lamuni daga bankin gidaje na tarayya a kan ruwa kashi 6 cikin 100, ya biya cikin shekara 30. A 2024 ma'aikatar ta sa farashin gida mai ɗaki ɗaya na Shirin Gidaje na Ƙasa a kan naira miliyan 8.5. Wanda ya karɓi wannan adadi a kan waɗancan sharuɗɗa zai riƙa biyan kusan naira 51,000 duk wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Masinja da malamin firamare ke nan, waɗanda aƙalla suna da takardar albashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuwa ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba sa cikin tsarin aikin ofis. Tela da bakanike da mai shayi da ɗan acaɓa ba su da albashin da za a cira, ba su da shugaban ma'aikatar da zai sa musu hannu a fom. Ko rangwamen da sabuwar dokar haraji ta kawo daga Janairun 2026, inda ake cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin haya, har zuwa naira 500,000, daga abin da za a yanka wa haraji, bai kai gare su ba, domin naira 800,000 na farko a shekara dama babu haraji a kansu. Wanda ba ya biyan haraji ba shi da abin da za a rage masa.

Ana yawan ɗauka cewa tsadar haya ciwon Legas da Abuja da Kano ne kawai. Wannan tsohon zance ne. Dutse da Damaturu da Birnin Kebbi sun zama manyan biranen jiha a 1991, Gombe da Gusau da Lafiya a 1996, ma'aikata suka kwararo cikinsu. Daga baya aka kafa jami'o'in tarayya a Dutse da Kashere a 2011, a Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa a 2013, ɗalibai da malamai suka shiga neman ɗaki. Sai rashin tsaro ya ƙara nasa: rikicin Boko Haram a arewa maso gabas da ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato sun kori mutanen karkara zuwa garuruwan da suke ganin da sauƙi. Mutane sun ƙaru, siminti da kwano sun yi tsada, mai gida ya ga layi a ƙofarsa. Ɗan haya a waɗannan garuruwa yana samun kuɗi kullum ko duk wata, amma ana neman ya biya na shekara gaba ɗaya, ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya. Da yawa suna iya biyan hayar da za a raba musu ita wata-wata. Dunƙulewar ce ke kai su ga cin bashi, ko sayar da keken ɗinki, ko mayar da iyali gidan surukai.

Akwai abin koyo daga ƙasashen da suka gwada. A Janairun 2023 Gana ta ƙaddamar da shirin tallafin haya na ƙasa a yankuna shida, inda hukuma ke biyan mai gida kuɗin gaba kai tsaye, ɗan haya kuma ya riƙa mayarwa duk wata. Ana neman katin ɗan ƙasa da shaidar samun kuɗi, ana karɓar bayanan asusun kuɗi na waya a matsayin shaida, abin da ya buɗe ƙofa ga mai sana'ar hannu, kuma sharaɗi ne kada hayar ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da gidan ke samu. Gana ta yi haka ne bayan ta ga cewa dokarta ta haya ta 1963, wadda ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, ta zama rubutu a takarda. Darasi ke nan ga masu ganin doka kaɗai ta isa, domin Legas ma ta yi irin wannan doka a 2011, kuma masu gidaje ba su fasa neman kuɗin gaba mai yawa ba. Amurka kuwa tun 1974 take da shirin da ake kira Sashe na 8, inda ɗan haya ke biyan kusan kashi 30 cikin 100 na samunsa, gwamnati ta cika sauran ta hannun hukumomin gidaje na garuruwa. Duk da arzikin ƙasar, kusan gida ɗaya cikin huɗu da suka cancanta ne ke samu, wasu kuma sukan shafe shekaru suna jiran layi. Wannan ya nuna mana cewa kyauta zalla ba za ta ishi kowa ba, don haka hanyar Gana ta asusu mai juyawa ta fi dacewa da aljihunmu, a ware kyautar ga zawarawa masu marayu da naƙasassu da 'yan gudun hijira.

Mun san za a ce kuɗin zai zurare, kuma masu faɗin haka suna da dalili, ganin yadda aka dakatar da ministar jinƙai a Janairun 2024 kan zargin karkatar da kuɗin talakawa. Amsarmu ita ce a tsara shirin yadda satar za ta yi wuya: a biya mai gida ta banki, a haɗa sunan mai nema da lambarsa ta NIN, mai unguwa ya tabbatar cewa gidan yana nan kuma mutumin a ciki yake, a kafe jerin sunayen waɗanda suka samu a sakatariyar ƙaramar hukuma, fom kuma ya zama kyauta, da Hausa, a ofishin da ake iya zuwa da ƙafa, ba a intanet kaɗai ba. Ɗakin haya abu ne da ido ke gani, ya fi kwangilar gini sauƙin bincike. Za a kuma ce masu gidaje za su ƙara kuɗi da zarar sun ji gwamnati ta shigo. Haka na iya faruwa idan ɗakuna ba su ƙaru ba, shi ya sa dole a ƙayyade iyakar hayar da shirin zai karɓa a kowace unguwa, gwamnoni kuma su yi amfani da ikon da Dokar Filaye ta 1978 ta ba su wajen fitar da filaye masu hanya da ruwa, da sauƙaƙa takardar mallaka ga mai son gina ɗakunan haya. Mai ciki da falo huɗu a bayan gidansa shi ne ke saukar da mafi yawan 'yan haya a ƙananan garuruwa, ba babban kamfani ba.

Sai batun kuɗin ruwa, wanda ya sa Musulmi da yawa ke ƙaurace wa lamunin gida tun asali. Wannan ma yana da mafita a fiƙihu. Hukuma na iya ba da rance marar ruwa, ko ta kama gidan haya na shekara daga mai shi, sannan ta ba ɗan haya wata-wata a kan farashin da aka yi yarjejeniya tun farko. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna aiki a ƙasar nan tun da Jaiz ya buɗe a 2012, jihohi irin su Sakkwato da Zamfara kuma suna da hukumomin zakka da waƙafi da za su iya ɗaukar nauyin mafi rauni. Masu cewa haya asara ce, gara a taimaki mutum ya mallaki nasa, mun yarda da burinsu. Sai dai Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi, kuma wanda bai sayar da jarinsa don biyan haya ba shi ne gobe zai iya sayen fili ya riƙa ɗora bulo a hankali.

Muna kira ga gwamnonin jihohin Arewa da majalisun dokokinsu da su sa asusun tallafin haya cikin kasafin kuɗi mai zuwa, su fara da gari ɗaya ko biyu, su riƙa bayyana wa jama'a duk shekara adadin waɗanda suka nema da waɗanda suka samu da abin da aka mayar. Gwamnatin Tarayya kuma ta ware wani kaso na kuɗin gidaje domin tallafa wa duk jihar da ta fara. A ci gaba da gina gidajen sayarwa ga masu iya saye, amma a daina ƙirga su a matsayin taimako ga talakan da ba shi da kuɗin hayar bana.