Fam ko naira: ina aka fi jin tsadar magani?

A makon jiya wata dattijuwa daga Tudun Kauri ta zo kantinmu sayen maganin hawan jini. Na lura kwalin wata ɗaya ya yi mata wata biyu. Da na tambaye ta, sai ta ce raba ƙwayar take yi biyu. "'Yar nan, ɗana yana Ingila yana kwasar fam, amma abin da yake aikowa ba ya isa."

Na ce, "Mama, bari mu yi lissafi."

A 2025 fam ɗaya ya kai kusan naira 2,000, shi ya sa albashin can yake yi mana kama da dukiya. Amma da fam ake biya a can. Yawancin baƙin da suka je aiki suna biyan kuɗin kula da lafiya fam 1,035 na kowace shekara tun wajen neman biza, ban da ma'aikatan lafiya. A canjin 2025, wannan ya haura naira miliyan biyu. Ga hayar ɗaki, ga haraji, ga kuɗin ɗumama gida lokacin sanyi. Doyar da muke saye kashi-kashi a kasuwar Agyaragu, can a sikeli ake auna ta, kuma babu maƙwabciyar da za ta riƙe miki yaro kyauta.

Inda suka fi mu shi ne ranar ciwo. Ganin likita ba a biya. Kowane magani da likita ya rubuta fam 9.90 ne a Ingila, komai tsadarsa, kuma mai shan maganin ciwon suga ba ya biyan ko kwabo. Mu kuwa sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihunmu yake fita. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da faɗuwar naira, da sanarwar ficewar kamfanin GSK a watan Agusta na shekarar, magunguna irin su Ventolin da Augmentin sun yi tashin gwauron zabo, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. A taƙaice, abinci da muhalli sun fi sauƙi a Lafiya, amma ciwo ɗaya yana iya cinye amfanin gonar shekara.

Shawarata uku ce. Na farko, kada a raba ƙwaya ko a tsallake rana sai da izinin likita. Hawan jini ba ya sallama, ƙarshensa shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, kuma jinyarsu ta ninka kuɗin ƙwayar. Na biyu, a tambayi mai harhaɗa magani ko akwai irinsa na wani kamfani mai rahusa, sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, mai lambar NAFDAC. Na uku, 'yan uwa da ke waje su yi wa iyaye rajista da hukumar inshorar lafiya ta jihar Nasarawa, NASHIA, su kuma ware kuɗin magani daban da na cefane.

Mama ta tafi da amlodipine na wani kamfani, ta yi alkawarin shan ƙwaya guda cif kullum. Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.